Waiwaye: Dodon Bango

Kakarmu ba ta taɓa kiran silima da sunanta ba. Dodon bango take cewa, kuma in ta faɗa sai ta kawar da kai ta yi tofi. Tana amarya aka yi gobarar El-Duniya a 1951, wadda ta lashe mutum sama da 300 lokaci guda, kuma har ta koma ga Mahaliccinta ba wanda ya iya raba ta da yaƙinin cewa fushin Allah ne ya sauka a kan 'yan kallo. Don haka a gidanmu yaron da aka kama ya je silima ba a tsayawa yi masa faɗa da baki, dorina ce ke magana. Duk da haka na je, na kuma je har ban san iyaka ba, ba a taɓa kama ni ba. Fim ɗaya daga ciki nake so in ba da labarinsa, wanda na kalla sau uku a hunturu guda, ina aji huɗu na sakandare, zamanin Abacha da layin man fetur.

Wanda bai riski gidajen silimar Kano na wancan lokaci ba zai ɗauka irin na yanzu ne, masu na'urar sanyi da kujera mai laushi da gugguru a kwali. Ina! Plaza a Fagge, Orion a bakin Ƙofar Wambai, Eldorado a Sabon Gari, Marhaba can wajen Farm Centre, yawancinsu fili ne aka kewaye da doguwar katanga, sama a buɗe, ga farin bango a gaba. Sai duhu ya kankama ake kunna majigi. In damina ce ruwa na iya tashin kallo. In hunturu ne ka ƙudundune cikin rigar sanyi, kana ganin hasken yana ratsa ƙura da hayaƙin taba kafin ya isa bango. Kwarori ne suka fara shigo da finafinan Indiya tun shekarun 1950, kuma kafin a haife mu Indiya ta riga ta cinye kasuwar. Mafi yawan dararen mako ita ake sawa, sai jefi-jefi a tsarma Chanis ko na Amurka. Ba ma jin yarensu, a lokacin kuma ba a fara juya su zuwa Hausa ba, amma kowane gungu yana da malaminsa, wanda ya ga fim ɗin sau biyar, yana raɗa wa na kusa da shi abin da aka ce da wanda ba a ce ba. 'Yan wasan ma mun raɗa musu namu sunayen: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin.

Ƙa'idar kallo a wurinmu mai sauƙi ce. Akwai akta, akwai bos, akwai yarinya. Akta zai sha wuya, bos zai yi ɓarna, a ƙarshe akta ya lallasa bos ya ɗauki yarinya, mu yi tafi mu watse. Yarinyar a bango kawai take. A cikinmu 'yan kallo babu mata, 'yan ƙalilan ɗin da kan shigo kuwa gari ya riga ya yanke musu hukunci tun daga bakin ƙofa. Ban taɓa ganin wani abu a cikin wannan ba, ido ya saba.

Saura maganar kuɗin shiga. Ɗan makarantar da kuɗin tara ma ba kullum yake samu ba, ina ya ga na silima?

Akwai wani mutum. Ba ɗan unguwarmu ba ne. Yaron shago ne a kasuwa, mai tsabta, mai ƙamshi, mai sanyin murya, irin wanda in zai gaida dattijo sai ya durƙusa har ƙasa. A wani gidan biki ya ga Yayata, wadda nake bi, ya bi diddigi har ya gano gidanmu. Ya aiko yaro ya yi sallama. Ta fita sau ɗaya don kada a ce ta wulaƙanta ɗan mutane, ta gaya masa cikin ladabi tana da wanda take so, manya ma sun shiga maganar, ya yi haƙuri. Ya ce ya ji. Washegari ya dawo. Da ta ƙi fita, sai ya rage aike, ya koma tsayuwa a gindin darbejiyar da ke fuskantar ƙofar gidanmu, daga bayan magariba har bayan isha, wani lokaci har mai shayi ya kwashe kayansa. Ba ya zagin kowa, ba ya ɗaga murya. Tsayuwa kawai.

Unguwa ta mayar da abin raha. Samarin majalisa suka sa masa suna maigadi. Matan gidanmu suna tsokanar Yaya, wai ga mai gadinki can ya kama aiki. Wata gwaggonmu har cewa ta yi, da a zamaninta ta sami mai sonta haka, da ba ta auri wanda ta aura ba. Naci damben kuturu, in ji su. Wasu kuma suka ce jan aji take yi, za ta sauko.

Ni ya tare wata rana ina dawowa daga masallaci. “Ƙanena, zo mana.” Ya damƙa mini wasiƙa, da 'yar murtala a naɗe a bayanta. Naira 20 a hannun yaro irina ta ishe ni tikiti da gyaɗa da kuɗin motar komawa. Na kai wasiƙar, Yaya ta jefa ta murhu ba ta buɗe ba, ta ce, “Auta, kada ka sake.” Ban sake kawo wasiƙa ba, wannan gaskiya ne. Amma murtalar ba ta daina zuwa ba, abin da ake saye da ita ne ya canza. Ƙarfe nawa ake tashinsu daga Islamiyya? Ta wane lungu take bi yanzu? Bikin ranar Asabar ɗin nan a wace unguwa ne? Ni kuwa ina zuba masa amsa kamar mai biya hadda. Me ye a ciki? Ai ba sirrin gwamnati ba ne.

Da irin wannan murtalar na shiga kallon Darr.

Yash Chopra ne ya ba da umarninsa, ya fito a Indiya ƙarshen Disambar 1993, ya ɗan jima kafin ya iso mana. Saboda Sunny Deol muka shiga, ɗan Sarkin Ƙarfi, don mun san inda yake akwai duka. Farkon fim ɗin bai ba mu kunya ba: sojan ruwa ne mai suna Sunil, an fara nuno shi yana ragargazar 'yan ta'adda a cikin teku. Budurwarsa Kiran, wato Juhi Chawla, ɗaliba ce a Shimla. Sai wani ya rera mata waƙa daga nesa, ta ɗauka Sunil ne, ta bi sautin da gudu tana murna, ba ta ga kowa ba. Daga nan sai waya. Ta koma gidan yayanta, wayar falo ta yi ƙara, ta ɗauka, a kira sunanta da in'ina, harafin farko yana sarƙewa a harshe, a ce ana sonta. Gobe ma haka. Jibi ma haka.

An ja mu sosai kafin a nuna mana fuskar mai muryar. Da aka nuno shi, tafiya yake a kan bakin rufin wani dogon bene, yana tsinke fure ɗai-ɗai, kamar ƙasa ba ta da nisa. Siririn yaro, gashi ya zubo a goshi. Sharukhan ke nan, tun bai zama abin da ya zama ba. Sunansa a fim ɗin Rahul.

Malamin gungunmu ya ce, “To ga bos nan.” Amma bos ɗin bai yi kama da bos ba. Ba shi da yara, ba shi da gidan ƙarƙashin ƙasa, ba ya safarar gwal, ba ya dariyar mugunta. Yaro ne mai kunya da suka yi makaranta ɗaya da Kiran, bai taɓa iya buɗe baki a gabanta ba, ita kuwa da ƙyar za ta tuna fuskarsa. Da dare yakan ɗauki waya ya kira mahaifiyarsa yana ba ta labarin surukarta, har muna murmushi, sai can muka gane uwar ta daɗe a kabari. A nan silimar ta yi tsit, irin shirun da ban taɓa ji ba a wurin da ɗaruruwan samari suka taru. Har mai rake ya daina kira.

Irin wannan fim ba shi da suna a bakinmu. Mun san na faɗa, mun san na soyayya, mun san na fatalwa da macizai masu rikiɗa. Wannan babu aljani a cikinsa, babu dodo, amma cikinka a ɗure yake tun daga farko, don abin tsoron a cikin kan mutum yake zaune. Fim ɗin zulumi zan kira shi. Daga baya, da na fara karance-karance a kan sana'ar, na tarar Alfred Hitchcock, Baturen Ingilan nan da ya yi Psycho a 1960, ya bayyana dabarar da misalin bam a ƙarƙashin tebur. In mutum biyu suna hira bam ya tashi ba zato, 'yan daƙiƙu kawai mai kallo zai yi a firgice. In kuwa ka nuna masa bam ɗin tun farko, ka nuna masa agogo, ka bar mutanen suna ta hirarsu ta banza, to ka riƙe masa numfashi na minti 15. Haka Chopra ya yi mana. Mu mun san Rahul ne. Sunil bai sani ba, hasali ma ɗan maigidansa ne a wurin aiki. Duk sanda ya miƙa wa Sunil hannu suka gaisa, silima sai ta ɗauki ihu.

Abin da nake jin nauyin faɗa shi ne, ihun nan na murna ne. Bayan Rahul muke. Ranar bikin Holi, da ya shafe fuskarsa da launi ya saje da makaɗa ya isa har gaban Kiran, Sunil ya bi shi da gudu cikin gari, addu'armu ita ce kada a kama shi. Da ya sa wuƙa ya rubuta sunanta a ƙirjinsa jini na zuba, wani a bayana ya miƙe ya ce, “Wallahi wannan shi ne so!” aka ɗauki tafi, har da ni. Da aka zo ƙarshe kuma, a kan jirgin ruwa, Sunil ya harbe shi, tsaki aka yi ta ja. Ranar na fara ganin akta ya ci nasara 'yan kallo sun fita suna ƙunƙuni.

Na daɗe ina juya dalilin. Wani ɓangare namu ne. Sunil yana da kaki da ƙirji da albashi da yarinya, mu kuwa in'inar ce tamu. Kowannenmu yana da wata a unguwa da yake gani daga nesa, wadda in ta ratso sai yawu ya bushe masa. (Mun dai manta Rahul ɗan babban hafsa ne mai iya yankar tikitin Suwizalan rana tsaka; talaka ko haukar so zai yi, iyakarsa inda ƙafa ta kai shi.) Wani ɓangaren kuma aikin mai fim ne. Shi aka ba waƙoƙin da suka fi daɗi, shi kyamara take bi har ɗakin kwanansa, kuma sau da yawa da idonsa muke ganin Kiran. A ɗakin nasa yana da ɗan majigi da ke haska hotonta ƙato a jikin bango, ya zauna a duhu yana kallo yana yi masa magana. Mu kuma ga mu a duhu, maza zalla, muna kallon mace ɗaya a jikin bango. Da Kaka ta gani, da ta ce ga dodon bango biyu, ɗaya a cikin ɗaya.

Ashe ba a Kano kaɗai aka yi haka ba. Sunny Deol da kansa ya fita daga fim ɗin da ɓacin rai, yana ganin an ɗaukaka mugu an dusashe jarumi. Ya ba da labari da bakinsa a talabijin cewa sun yi musu da Chopra a kan yadda za a ce siririn yaro ya soki ƙwararren soja yana kallonsa ido da ido, har don fushi ya yage aljihun wandonsa. Bai sake yin fim da Chopra ba, kuma ya yi shekaru ba ya magana da Sharukhan. Shi kuwa Sharukhan, tsakanin Baazigar da Darr a 1993 da Anjaam a 1994, kisa da bibiya ne suka ɗaga shi, kafin Dilwale Dulhania Le Jayenge ya mayar da shi sarkin masoya a 1995.

Bayan kallo na biyu na kasa riƙe labarin. Na ba da shi a tsakar gida, na ce wani abokina ne ya gani ya ba ni. Na miƙe ina kwaikwayon in'inar, ƙannen Inna suna ta dariya. Yaya tana gefe tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba sai da na gama.

“Ita yarinyar me ta yi masa?”

Na ce, “Ba abin da ta yi masa, Yaya. Sonta yake.”

Ta ci gaba da tsintarta.

A gidanmu babu waya. Abin da muke da shi a madadinta shi ne yaron da zai tsaya a zaure ya ɗaga murya, wai ana sallama da wance. Wani dare bayan isha, Yaya ta ɗauko tiren abincin Baba, sai ga muryar yaro ta ambaci sunanta. Tiren ya suɓuce. Miya ta watsu, kwanon sha ya gangara har bakin rijiya yana ƙara, ita kuwa tana tsaye, hannuwanta a miƙe kamar har yanzu tiren na kai, jikinta yana rawa. Ashe ma ƙawarta ce ta aiko a karɓo mata littafi. Inna ta rungumo ta, sai ga magana ta ɓalle, wadda ta yi watanni a ciki. Sau uku tana sauya hanyar Islamiyya, sau uku tana tarar da shi a tsaye a sabon lungun. Ta je biki a unguwar da ba ta taɓa zuwa ba, ta ɗaga kai ta gan shi a bakin ƙofa. Ranar Talatar da ta wuce ya riƙe mata gefen mayafi ya ce, cikin sanyin muryar nan tasa, in ba shi ba sai dai kowa ya rasa. Ba ta iya barci. Ko ganye ya motsa sai ta ji kamar shi ne.

“Inna, aljani ne? Ta ina yake sani? Ko ni ce na fara taɓuwa?”

Ina tsaye a bakin ƙofar ɗakinmu, da ragowar canjinsa a aljihuna.

Ban san abin da ya mayar da ni silima a karo na uku ba. Wataƙila wurin ɓuya nake nema. Fim ɗin dai shi ne, bango shi ne, amma kamar an canza shi da wani. A wannan daren na lura cewa duk sanda waya ta yi ƙara, akwai abin da ke faruwa a fuskar Juhi Chawla, kuma na san fuskar, na gan ta a tsakar gidanmu. Na lura yarinyar da ta fara fim ɗin da guje-guje da dariya ta koma mai tsoron taga da ƙofa, har tana neman ta gudu ta bar wanda take so don kada a kashe shi saboda ita. Sau biyu duk wannan ya wuce ta gabana ban gani ba. Sunan fim ɗin ma, malaminmu ya gaya mana tun daren farko, ma'anarsa tsoro. Ba wanda ya tambaya tsoron wa.

Sai aka zo wurin da ya tsaya mini a wuya har yau. Sunil ya yi dabara, ya bar alamar Goa za su tafi bayan aure, ya ɗauke amaryarsa suka ɓuya a Suwizalan. Rahul ya yi ta nema bai same su ba. Wa ya gaya masa? Yayan Kiran, wanda Anupam Kher ya fito a matsayinsa, mayen kallon wasan kurket, mai ba mu dariya tun farkon fim. Rahul ya shiga gidan da ladabinsa, ya saba da shi, mutumin kirki ya saki baki. Ba shi da mugun nufi ko kaɗan, ƙaunar ƙanwarsa yake. Jama'a na ta ihu Rahul ya gano su, ni kuwa na sunkuyar da kai. Shi ko sisi bai karɓa ba.

Washegari na gaya wa Inna cewa mutumin yakan yi mini tambayoyi, ni kuma nakan amsa. Maganar kuɗi na haɗiye ta. Baba ya kai ƙara wurin mai unguwa, aka kira mutumin da kawunsa, aka kira liman. Ina raɓe a bakin zaure na ji liman ya kawo ƙissar Barira da Mugis. Baiwa ce da Nana A'isha ta 'yanta, aka ba ta zaɓi a kan aurenta, ta zaɓi rabuwa. Mugis ya riƙa binta a titunan Madina yana kuka, hawaye na jiƙa gemunsa, har Manzon Allah (SAW) ya tausaya masa ya yi mata magana ko za ta koma. Ta tambaya ko umarni ne. Da ta ji ceto ne kawai ake nema masa, ta ce ba ta da buƙatarsa, kuma a nan maganar ta tsaya. Mutumin ya saurara har ƙarshe, kansa a ƙasa, sannan ya ce, “Allah gafarta Malam, ai ka ga shi ma Mugis bai daina son ba.” Shi ma nasa ɓangaren kawai ya ji, kamar mu a silima. Liman ya ce, “Son naka ne, ɗana, ba mai ƙwace maka. Ƙofar gidan mutane ce ba taka ba.”

Ya ɓace mako biyu, ya dawo, sai dai ya matsa zuwa bakin titi. Baba ya ga abin ba na wasa ba ne, ya tura Yaya wurin ƙanwarsa a wani gari har lokacin biki. Izu 8 ya rage mata ta sauke. 'Yan ajinsu suka yi walimar sauka babu ita. Shi kuwa yana shagonsa, ba abin da ya rasa, daga baya ma na ji ya yi aure. Wadda ba ta yi komai ba ita ta bar gari.

Mutumin ya taɓa ce mini, “Ai tana sona, kunya ce. Jiya da ta rufe taga, ni ta yi wa alama.” Likitocin ƙwaƙwalwa sun san irin wannan. Wani likitan Faransa, de Clérambault, ya yi bayaninsa a 1921: mutum ya ƙudurce wani na sonsa a ɓoye, duk korar da aka yi masa ya fassara ta da saƙo. Amma ba na so in rataya komai a wuyan ciwo. Yawancin masu tsayuwa a gindin bishiya lafiyarsu ƙalau. Sun dai tashi ne a inda in mace ta ce a'a, sai a ce kunya ce, ko jan aji, ko ba ta san ciwon kanta ba, kuma ga dukan unguwa tana yi musu kirari.

Duniya ma ta makara kafin ta ba abin suna a doka. A Amurka, jihar Kalifoniya ce ta fara yin dokar hana bibiya a 1990, bayan wani mai bibiyar 'yar wasa Rebecca Schaeffer ya harbe ta a ƙofar gidanta a 1989. Indiya, ƙasar da ta sayar mana da Rahul, sai a 2013 ta shigar da bibiya cikin manyan laifuffukanta, shekara 20 bayan Darr. A 2015 wani Ba'indiye mai aikin gadi ya gurfana a kotun Tasmaniya ta Ostareliya kan bibiyar mata biyu, lauyansa ya kafa hujja da cewa finafinan ƙasarsu ne suka koya masa mace tana sauka in aka nace. A shekarar ce kuma Najeriya ta yi dokar hana cin zarafin mutane, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga mai bibiya. Mu nan Kano ba ma buƙatar misali daga nesa. A Satumbar 2022 wani da aka ce an daina so ya shiga har cikin gida a Janbulo ya kashe wata matashiya da wuƙa, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a 2024. Yanzu kuma ba sai an tsaya gindin darbejiya ba, ba sai an sayi ƙane da murtala ba. A toshe lamba, ya sayi sabon layi.

Ban ɗora wa fim ɗin laifin duka ba. Sunny Deol yana da gaskiyarsa, an yi wa mugu kwalliya fiye da kima. Amma tsoron Kiran yana nan a bangon tun daren farko, ba a ɓoye shi ba, kuma da akwai mata goma a cikinmu da wani ya ji lokacin da suka ja numfashi.

Da ƙaramar sallar bara Yaya ta zo mana yini, yanzu har da jikoki. Muna falo bayan la'asar, babban ɗana yana ta sauya tasha, sai ga shi a wata tashar Indiya, daidai wurin bikin Holi. Na ce ya wuce. Yaya ta ce a bar shi. Ta kalla na ɗan lokaci, hannunta a haɓa.

“Auta, wannan ne na murtalar?”

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, “Yaya, dama kin sani?”

“Tun daren da na zubar da abincin Baba. Kowa ni yake kallo, kai kaɗai kake kallon ƙasa.”

“Me ya hana ki faɗa?”

“Ka manta dorinar Baba ne?”

Ta gyara zama, ta dubi 'yata mai shekara 14 da ke raɓe a bakin ƙofa tana leƙen talabijin, ta buga gefen kujerarta da tafin hannu. “Ke, zo nan kusa da ni ki zauna.” Yarinyar ta zo ta zauna. Can a cikin fim ɗin waya ta fara ƙara.